Girman Aro na Injiniya Shafi Biyu

Shekara goma sha huɗu muna ɗaki ɗaya da shi, teburina na kallon nasa, tsakaninmu firinta da kwandon shara. Ni ce mai kula da fayil-fayil na ma'aikata a hukumarmu, shi ya sa kowa ke ce mini Uwar Fayil. Shi kuwa sunan da ya fi so a kira shi da shi Injiniya ne. Sunan da aka fi kiran sa da shi, in ya ba da baya, Shafi Biyu.

Ba injiniya ba ne. Ba ƙazafi nake masa ba, fayil ɗinsa a hannuna yake. Abin da ke ciki takardar sakandare ce mai tabon mai a kusurwa, sai shaidar kwas ɗin kwamfuta na wata uku da ya yi a wani bene a saman shagon faci. Kafin nan shekara shida ya yi a shagon hoton takardu a bakin kotu, yana girgiza tawada yana hura inji da baki. Kawunsa shi ne direban shugaban hukuma na wancan lokaci, direba kuwa ya fi digiri kusa da kunnen shugaba. Haka aka ɗauke shi.

Gajere ne, mai ɗan tumbin da ke riga shi shiga ɗaki. Kullum da kebul rataye a wuyansa kamar likita da abin awon ƙirji, ko da babu abin da zai jona. Biro uku ne a aljihun gabansa, amma in za shi sa hannu nawa yake karɓa.

Shekararsa biyu da zuwa, hukuma ta ajiye tafireta ta koma manhaja. Wani kamfani ya zo ya gina mana ita: ka buɗe shafi a burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ga sunan ma'aikaci, ga matakinsa, ga hutunsa, ga wasiƙarsa tsaf a kan allo. Suka ci biskit ɗin bikin buɗewa suka kama gabansu. Sai bayan tafiyarsu aka lura ba su bar mana hanyar fitar da wasiƙa a takarda ba. In ka buga shafin yadda yake, sai ya kwaso komai ya fito da shi: maɓallai, hotuna, har da "Barka da zuwa" a saman takardar kora. Ofis kuwa ba ya yarda da abin da ba zai iya doka wa hatimi ba.

Aka duba aka ga shi kaɗai ne ba ya tsoron baƙin allon nan mai rubutu kamar jerin tururuwa. Aka ce ya yi. Zan faɗi gaskiya ko a kan maƙiyi, balle shi da ba maƙiyina ba: ya sha wuya. Mako bakwai yana tono a intanet, ya kwafo wannan ya liƙa wancan, har ya samo wata ƙaramar manhaja mai karɓar rubutun da ke bayan shafi, wanda suke ce wa HTML, ta mayar da shi takardar PDF da za a iya bugawa. Ya ɗora ta a kan saba, wato babbar kwamfutar da ke kulle a ɗakin sanyi. Ya yi mata koren maɓalli a gefen kowace wasiƙa, ya rubuta "Buga" a kansa.

Ranar gwaji ɗakinmu ya cika har ƙofa. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya danna. Firinta ta yi kaki, ta turo wasiƙa: tambari a sama, kwanan wata a dama, wurin sa hannu a ƙasa. Aka yi tafi. Yana cikin karɓar hannu sai firinta ta sake yin kaki, ta turo wata takardar, fara fat, ko ɗigo babu.

"Wannan fa?" in ji shugaba.

"Ranka ya daɗe, inji ne yake share maƙogwaro. Yau ce rana ta farko."

Shekara tara inji na share maƙogwaro. Kowace wasiƙa, ta hutu, ta gargaɗi, ta canjin wurin aiki, sai ta fito da ƙanwarta fara a bayanta. In kuwa wasiƙar ta ɗan yi tsawo, sai wurin sa hannu ya zame ya faɗa shafi na biyu shi kaɗai, shugaba ya sa hannu a ƙasan babu, kamar mai shaida a kan iska.

Dalilai kuwa ba su taɓa ƙare masa ba. Yau takardar ce ba ta da inganci. Gobe firinta ce ta tsufa. Jibi ma'aikata ne ke danna maɓalli da mugunta. In an matsa masa sai ya juyo da allonsa ya nuna shafin, ya ce, "Ku duba da idonku. A injina lafiya lau take." A kan allo kam lafiya lau take. Matsalar ita ce ba a saka allo a ambulan.

Daga baya ya fito da magani. Duk mai son wasiƙa shafi ɗaya, ya zo wurinsa. Sai ya buɗe takardar a wata manhajar daban, ya gyara zama, ya yanke shafi na biyun da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Aikin daƙiƙa goma ne, amma yakan ja shi ya kai minti biyar, yana tsaki yana girgiza kai kamar mai fiɗa ya tarar da abin da bai zata ba. Kafin ƙarfe goma layi ya kai baranda. Manyan da ba sa amsa gaisuwata sai ga su tsaye a gabansa suna "Injiniya, a taimaka." Wasu da lemo a leda. Waɗanda ba su da haƙurin layi su buga abinsu haka nan, su yar da farar a kwandona. Da waɗannan fararen takardu hukumar ta yi fifita, ta yi shimfiɗar kofin shayi, ta naɗe gyaɗa, shekara da shekaru.

Abin da ya faru a gidansa na san shi ne don matarsa ce telata. Mace ce doguwa, marar son surutu, mai tef ɗin awo a wuya wanda, ba kamar kebul ɗin mijinta ba, ana aiki da shi. Wata Asabar ya zo da aiki gida, ya baje kwamfuta a kan teburin yankanta yana gunaguni, yana hana ta shimfiɗa yadi. Don ya tashi mata daga tebur ta ce, "Baban yara, wai me ke damun takardar nan taku?"

Ya yi mata bayani irin wanda ake yi wa wanda ba a sa ran zai gane ba. Ya ce ya gaya wa manhajar tsawon takarda daidai, ba ragi ba ƙari. Ya kuma gaya wa manhajar ta bar fili a sama da ƙasa don kyau.

"Tsaya," ta ce. "Tsawon wasiƙar nawa ka ba ta?"

"Tsawon takarda mana. Cif."

"Sannan ka ce a bar fili sama da ƙasa?"

"Ƙwarai."

"Yadi huɗu gare ka, ka yanka riga yadi huɗu cif, sannan ka ce a bar maka bakin kalmasa. Daga ina zai fito? Ai dole ta ciwo daga wani yadin."

Ta ce mini sai ya ce mata aikin kwamfuta ba ɗinki ba ne, kowa ya tsaya a kan sana'arsa. Da ta shiga kicin ta ji yana ƙwanƙwasa maɓallai. Bai yi minti uku ba ya rufe kwamfutar ya fita.

Litinin wasiƙu suka fara fita shafi ɗaya. Ni na fara lura, don kwandona bai cika ba. Talata babu layi. Laraba ya zauna tun safe yana jera birorinsa, ba wanda ya leƙo. Alhamis ya fita baranda ya tsaya da kebul ɗinsa ko wani zai tuna da shi, sai mataimakin shugaba ya wuce, ya dube shi, ya tambayi sakatarensa, "Wannan wane sashe yake?" A makon ne kuma ake ta raɗe-raɗin za a rage ma'aikata. Na gan shi ya dawo ya zauna, ya daɗe yana kallon allo, hannunsa a haɓa.

Juma'a da safe firinta ta yi kaki sau biyu.

Na ɗago farar takardar na nuna masa. "Injiniya, ta dawo."

"Saba ce ta sabunta kanta, Uwar Fayil," ya ce, bai kalle ni ba. "Abin da ya fi ƙarfin mutum sai haƙuri."

Kafin azahar layi ya kai baranda, fuskarsa ta washe kamar wanda aka sallamo daga asibiti. Na san abin da na sani, amma baki na nan, fayil na nan, kowanne da murfinsa. Mai ’ya’ya biyar ne. Na rufa masa asiri.

Haka aka tafi har aka kawo mana sabuwar shugaba. Mace ce mai saurin tafiya, mai son a ga canji tun kafin ta san inda banɗaki yake. A taronta na farko ta ce yawancin ma'aikatanmu, direbobi da masu gadi da masu shara, ba sa karanta harshen Turawan da muke rubuta musu wasiƙa da shi. Daga yau a rubuta da Hausa. Wannan kam ta yi gaskiya, kowa ya ji daɗi. Sannan ta ƙara da cewa ba ta son waɗannan busassun haruffa namu masu kama da takardar magani. A nemo masu kwarjini. Za a fara da wasiƙun ƙarin girma na shekarar, guda ɗari biyu da goma sha huɗu, za ta miƙa su da hannunta a babban zaure.

A cikin ɗari biyu da goma sha huɗun nan har da shi. Shekara tara yana mataki ɗaya, sai yanzu sunansa ya fito.

Ban taɓa ganin ya yi aiki da zuciya ɗaya irin na makon nan ba. Ya samo wasu haruffa masu jela da rangwaɗa, irin na katin gayyata. Ya kai kwamfutarsa ofishin shugaba ya nuna mata a allo. Ta ce, "Yauwa! Ka ga abin da ake cewa wasiƙa." Ya dawo yana taku ɗai-ɗai.

Abin da bai sani ba, kuma ba wanda ya sani a lokacin, shi ne wanda ya zana waɗannan haruffa bai taɓa jin labarin haruffanmu masu ƙugiya ba. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. A kan allo ba a gani, don burauza tana da kara: in ta nemi harafi ta rasa, sai ta shiga maƙwabta ta aro mai kama da shi ta cike gurbin. Manhajar da ke ɗakin sanyi ba ta da maƙwabci. In ta rasa harafi, tsallake shi take yi ta wuce, ba sallama.

Ya danna maɓalli, ya yanke shafi na biyu sau ɗari biyu da goma sha huɗu da hannunsa, yana kallon kowace wasiƙa, bai karanta ko ɗaya ba. Sakatare ya duba ya sa alama. Mataimaki ya duba ya sa alama. Shugaba ta sa hannu da koren biro. Ni na doka hatimi na saka a ambulan. Ban cire kaina ba: suna nake dubawa da lambar fayil, shi ke nan. Aka yi taro ranar Alhamis, aka yi jawabi, aka yi hoto. Kowa ya buɗe ambulan, ya nemi sunansa, ya nemi lambar sabon matakinsa, ya ninke ya sa a aljihu. Ashe a hukumar nan kaf, ba mai karanta tsakiyar takarda.

Shi bai ninke tasa ba. Daga zaure shagon mai gilashi ya wuce, aka saka masa ita a firam mai ruwan zinariya. Ya cire hoton yara daga bangon falo ya rataye ta. Asabar ya gayyaci dangi su zo su taya shi murna.

Cikin waɗanda suka zo akwai surukinsa, mahaifin tela. Tsohon malamin firamare ne, shekara talatin da biyar yana jan kunnen yara a kan ƙa'idar rubutu. Mutum ne da ba ya wuce rubutu bai karanta ba, ko na jikin buhu ne, kuma da ƙarfi yake karantawa, da yatsa. Da ma bai taɓa yarda da injiniyancin nan ba. Aka zaunar da shi, aka ba shi ruwa, sai idonsa ya faɗa kan firam. Ya miƙe da sandarsa, ya ciro tabarau, ya matsa har hancinsa na taɓa gilashi.

"'Wasiar arin girma,'" ya karanta. Ya juyo. "Wasiyya ce? Wa ya rasu?"

"Baba, wasiƙa ce. Salon rubutun ne haka."

"To." Ya mayar da yatsa. "'Hukuma na farin cikin sanar da kai cewa ta ara maka girma.'" Ya tsaya. Ya sake bi a hankali. "'Ta ara maka girma, bisa wazo da oarin da ka nuna.'"

Wani ƙanen matar ya shaƙe da lemo.

Tsohon ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya dubi surukinsa da tausayi na gaske, wanda ya fi zagi ciwo. "Ɗana, ba laifi ba ne. Wanda ba shi da abu ai aro yake yi. Amma sun faɗi ranar da za ka mayar?"

Tela ta ce mini ba ta taɓa ganin baƙin mutum ya yi fari a gabanta ba sai ranar. Mijin ya sauke firam ɗin ya karanta, ya sake karantawa. Ba wasiƙarsa ce ta tsaya masa a wuya ba. Lissafi yake yi: ɗari biyu da goma sha uku suna can a aljihun mutane, da sa hannun shugaba da koren biro. Baƙi suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa na tuna wani uzuri. Ta ce ya zauna a bakin gado da firam a cinya har la'asar, ko ruwa bai sha ba. Abin da kawai ya ce mata shi ne, "A allo lafiya lau take." Wannan karon a hankali ya faɗa, kamar kansa yake roƙo.

Bai kai ga rufa asirin ba. Ƙanen nan da ya shaƙe ya riga ya ɗauki hoton firam da waya. Kafin Litinin hoton ya zaga wayar kowane ma'aikaci. Kowa ya zaro tasa daga aljihu ya karanta, wasu karo na farko a rayuwarsu ta aiki. Masu gadi suka taru a bakin ƙofa suna tambayar juna ko aron na shekara ne ko na wata. Wani tsohon direba ya shigo ɗakinmu da tasa a hannu, ya rusuna, ya ce, "Injiniya, na kawo musu abinsu tun bai lalace a hannuna ba. Kayan aro ba ya rufe katara." Ba dariya a fuskarsa ko kaɗan, irinsu su ne mugayen.

Aka kuma gano ba wasiƙun girma kaɗai ba ne. A makon an fitar da wasu da sabbin haruffan. Wata ma'aikaciya da ta nemi hutun shekara aka hana ta, tata ta ce "Hukuma ta i amincewa," ta kuwa tattara ta tafi hutunta. Wani da aka mayar reshen da ke bayan gari, maimakon ya ƙaura, takardarsa ta umarce shi da ya aura cikin kwana bakwai. Matarsa ce ta zo ofis da kanta neman bayani.

Shugaba ta kira shi. Ban shiga ba, amma bangon ofishinta katako ne. Na ji yana cewa, "Ranki ya daɗe, firinta ce take cinye haruffa. Na daɗe ina faɗa." Na ji tana cewa ita ba a taɓa yi mata irin wannan cin fuska ba. Aka kafa kwamiti. Mambobinsa sakatare, da mataimaki, da ni, wato mu ukun da muka duba wasiƙun muka ce sun yi. Don a ce an yi adalci aka aiko mana wata mai ilimin manhaja daga hedikwata, siririya mai ƙaramar murya, wadda ba ta karɓi ko shayi ba.

Ta zauna a kujerarsa, shi yana tsaye a bayanta yana mata bayanin abin da ba ta tambaya ba. Ta buɗe takardar PDF ɗin a kan allo, tun kafin ta je kusa da firinta, ta nuna mana "ara" ɓaro-ɓaro. Firinta ta fita daga zargi a minti na farko. A minti na ashirin ta sa haruffa masu ƙugiya a saba, ta danna, wasiƙa ta fito cikakkiya. Sai farar ta biyo baya.

"Wannan fa?" ta ce.

"Tsohuwar cuta ce, ’yata," ya ce. "Manyan masana sun gwada sun kasa."

Ta ci gaba da gangarawa cikin rubutun tururuwar nan, sai ta tsaya. Ta ce akwai wani layi a nan da yake gyara wannan matsalar daidai, amma an kashe shi da gangan, an bar bayani a gefensa. Mataimaki ya ce ta karanta. Ta dubi Injiniya. Ya dubi silin.

"'Gyaran maman yara,'" ta karanta. "'Yana aiki. Kada a kunna.'"

Har da kwanan wata, na shekara biyar da suka wuce.

Sakatare ya tuna duk safiyoyin da ya tsaya a layi. Mataimaki ya tuna lemonsa. Na ga wuyan mataimaki yana kumbura. Amma da muka zauna rubuta rahoto sai aka ga in an bi ta ɓarawo, dole a bi ta mabi sawu. In aka rubuta cewa wasiƙun tun daga saba suka fito a gurguje, tambaya ta gaba ita ce su wa suka duba, wa ya sa hannu da koren biro. In aka rubuta cewa mutum ɗaya ya tsayar da hukuma a layi shekara biyar da layin rubutu ɗaya, tambaya ta gaba ita ce ina shugabannin suke. Baƙuwar ta rubuta nata bayanin, shafi ɗaya, gaskiya tsirara, ta koma inda ta fito. Aka saka shi a matsayin rataye na bakwai, aka manta a liƙa.

Rahoton kwamiti ya sami firinta da laifi. Aka fitar da ita baranda da takarda manne a goshinta. Aka sayo sabuwa. Ni ma na sa hannu, kuma wannan karon na karanta.

Aka sake buga wasiƙu ɗari biyu da goma sha uku, aka raba a shiru ba taro ba hoto. Tasa ce ba a sake bugawa ba. Ba a kore shi ba, ba a ba shi takardar gargaɗi ba, ba wanda ya ce masa kanzil. An dai rubuta a fayil ɗinsa cewa an dakatar da ƙarin girmansa "har sai an kammala bincike." Binciken da ba a buɗe ba kuwa ba ya kammaluwa. Duk wata uku yakan matso teburina ya rage murya.

"Uwar Fayil, ko akwai motsi?"

"Babu tukuna, Injiniya."

"To, Allah ya sa mu ji alheri."

Shekara uku ya ƙara a ɗakin nan. Baƙuwar ta kunna gyaran kafin ta tafi, koren maɓallin na aiki ba tare da shi ba. Ba layi, ba lemo. Ya daina rataya kebul. Yakan zo a kan lokaci, ya goge allo, ya karanta jarida tun daga kanun labari har tallan ƙarshe, da yatsa. Wani lokaci in sabon ma'aikaci ya zo sai ya tare shi ya nuna masa maɓallin ya ce, "Ka ga wannan? Ni na haife shi." Gaskiya ne kuma. Abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan: aikin da ya yi na kirki ne, da ya bar shi ya tsaya da ƙafarsa. A gida kuwa tela ba ta taɓa tayar masa da maganar ba. Ta ce mini ba ta san ko ta ji haushin an ɓoye gyaranta ba, ko ta ji daɗin ya rubuta cewa nata ne, tunda a baki bai taɓa faɗa ba.

Ya yi ritaya a matakin da ya shekara goma sha biyu a kai. Aka yi masa ɗan taro, aka ba shi agogon bango. Mataimaki ya yi jawabi ya kira shi ginshiƙin zamanantar da hukuma, ya kuskure sunansa sau biyu.

Bara na haɗu da shi a asibitin ido. Na je a canza mini tabarau, sai na ji wata murya da na sani tana tashi a wurin karɓar sakamako. Ya rame, tumbin ya faɗa, gemu ya yi furfura. Yana riƙe da takardar awon idonsa, ya ɗora ta a kan kanta yana dukan ta da bayan hannu. Jadawalin da ke jiki ya wuce faɗin takarda, layin ƙarshe ya yanke, rabin lambobin idon hagu babu su. Ma'aikaciyar, baiwar Allah, tana ta ba shi haƙuri tana cewa haka kwamfuta ke fitarwa.

"Kwamfuta ba ta da laifi, ’yata!" yake cewa. "Mutum ne! Akwai wani yana zaune a wani ɗaki, shi ya rubuta wannan, kuma bai taɓa buga ta ya duba da idonsa ba. Rashin tsoron Allah ne. Idon mutane ne fa!"

Mutanen da ke kan benci suna gyaɗa kai. Ya juyo don ya ga yawan magoya bayansa, sai muka yi ido huɗu. Fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi, ga shaida Allah ya kawo! Uwar Fayil, zo ki gaya musu. Shekara goma sha huɗu muna tare. A zamanina, takarda ta taɓa fita daga hannuna a haka?"

Duk benci ya juyo yana kallona. Na gaishe shi, na tambayi maman yara da jikoki. Na ce masa an kira lambata, na shige ɗakin likita.